Yaya Hafsa, an sake buɗe mana saman bene

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayata Hafsa, a Zariya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da kowa na gida. Mu ma a nan unguwarmu ta Ainu Shams, a ƙasar Larabawa, lafiya lau muke, sai zafi. Da wayar Umma nake rubutu. Ta ce in sa a zauren matan unguwa don iyayen sauran yara su gani, amma ni dai da ke nake magana.

Kin tuna ranar da kika fara hawa da mu saman bene da gorar lemo da famfon keke? Kika zuba ruwa bai kai rabi ba, kika toshe bakin, kika kifa ta, kika sa Ikram 'yar Sudan ta yi ta buga iska. Da gorar ta fizge ta yi sama ta jiƙa mu, kowa ya yi ihu, ni kuwa na ɓuya a bayan tankin ruwa. Kika ce, "Malama Shiru, fito, rokar nan ba ta da fukafukai, ke za ki yanka mata." Tun ranar nake yankan kwali. Ba ki taɓa tilasta mini magana ba, aiki kawai kike miƙo mini.

Da kika gama karatu kika koma gida, ba mu daina ba. Duk Juma'a bayan la'asar muna hawa, mu da 'yan Nijar na hawa na uku. Iyayenmu na kawo shayi, ɗaliban jami'a na ƙasanmu suna tara mana goruna. Har lema na ɗinka wa roka da ledar burodi, tana saukowa a hankali kamar ba ta son dawowa.

Amma akwai abin da ba mu gane ba. Kullum kafin ki ce yalla, wato a harba, sai kin ɗaga kai kin kalli wajen ɗakin tantabarun Ammu Sa'id, tsohon nan na hawan ƙarshe mai riƙe da makullin bene. Mu duk mun ɗauka iska kike dubawa. Sai muka riƙa kwaikwayonki, a ɗaga kai, a ce iska tamam, wato ta yi daidai, a harba.

Wata Juma'a muka harba daidai lokacin da tantabarunsa ke kewayawa a sama. Rokar ta ratsa tsakiyarsu, suka watse. Ammu ya yi ta kaɗa jar tutarsa yana fito har magariba. Duk sun dawo sai wata fara guda ɗaya. Washegari muka tarar da kwaɗo a ƙofar bene.

Ɗaliban jami'a suka je ba shi haƙuri da dogon Larabcinsu na littafi. Bai bari sun gama ba. Ya ce ba za a ƙara kunna masa albarushi kusa da tsuntsaye ba, khalas, magana ta ƙare. Juma'a ta zo ta wuce, goruna na jibge a bayan ƙofarmu.

Sai Umma ta ce ni zan je, tunda a nan na taso, Larabcin 'yan gari irin nasa nake yi. Yaya, ranar ko abinci ban iya ci ba. Kin san ni, ko burodi aka aike ni saye, da yatsa nake nunawa. Amma na tuna abin da kike faɗa mini idan na tsaya ina murza gefen hijabi: "In bakin ya ƙi, ki nuna musu abin da kika yi."

Na ɗauki rokata mai lema na hau. Da ya buɗe ƙofa, ma'alish, wato yi haƙuri, kawai ya fito daga bakina. Na miƙa masa gorar. Ya juya ta, ya shinshina bakin, ya leƙa ciki. Sai na ji kaina ina gaya masa ruwa ne da iska kawai, babu wuta, kuma ba mu san lokacin tsuntsayensa ba ne. Har ƙarshe na kai.

A nan ya gaya mini abin da ba ki taɓa gaya mana ba. Ashe tun kafin roka ta farko kin hau kin gaishe shi, kuka yi alkawari ba za a harba ba sai ya sauke jar tuta ya rufe tantabarunsa. Shi ya ɗauka mun san da alkawarin muka taka shi. Abin da ya fi yi masa zafi ke nan.

Jiya ya cire kwaɗon da hannunsa. Muka zauna muna jira har tutar ta sauka. Ya zo ya karɓe famfon daga hannun Ikram, wai ƙarfinta bai kai na ɗan tsako ba. Ya dube ni ya ce, "Yalla ya bashmuhandisa," wato injiniya. Yaya, ni na yi ƙirgen harbawa da ƙarfi. Umma ta ce har a kicin ta ji ni.

Na gode da kwalin da kika fara miƙo mini. Na gode da hawan benen da kika yi ke kaɗai saboda mu, ba ki faɗa wa kowa ba.

Farar tantabarar ba ta dawo ba har yau. Ammu na barin ƙofar akurkinta a buɗe, ni ma kullum sai na duba. Allah ya nuna mata hanyar gida. Allah ya saka miki da alheri, ya tsare ki, ya dawo mana da ke ko da hutu ne, ki ga lemar da na ɗinka.

Taki ƙanwa,
Nana, wadda kike kira Malama Shiru