Abin da Lucien Ya Yi a Kicin

Daren Alhamis, Nuwamba 1991

Yau a otal ɗinmu na Charing Cross, Lucien, ɗan Haiti da muke wanke-wanke tare, wanda ko burodi ba ya ci sai ya yi addu'a, ya kusa kashe mutum.

An kawo sabon ma'aikaci, ɗan ƙasarsu. Lucien na jin muryarsa ya rarumo kasko ya maka masa a baki. Haƙora suka zube, jini ya malale ƙasa. Ya haye kansa ya shaƙe shi, da ƙyar na ɓamɓare hannunsa.

Lucien ya ce mini, "Brother Sale, shi ya harbe babana a ƙofar coci. A gabana."

Manaja ya shigo zai kira police. Jibi Lucien ke da appointment da jami'an shige da fice a Croydon, kan takardun zamansa, in aka kama shi Haiti za a mai da shi. Sai na ce zamewa mutumin ya yi. Shi ma, bakinsa cike da jini, ya gyaɗa kai.

Gyaɗa kan nan ne ya hana ni barci. Gobe mu uku ke aikin safe, ni da Lucien da mutumin.