Lemon da Baba Ya Nema

Litinin, 10 ga Mayu, 1999

Kwana huɗu ke nan Baba Nata'ala bai saka komai a cikinsa ba sai ruwa da 'yar madara a cokali, su ma da ƙyar. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye maganarsa ta tafi, saura kalma ɗaya tak: "Lemo." Matata Hassana ta dawo daga gidansu a Yakasai idonta jawur, ta ce, "Malam, ka samo wa Baba lemonsa, ko Allah zai sa ya buɗe baki." Na ce to. Me zan ce? Mahaifin matata ne, maigidana ne a wurin aiki, shi ya koya wa harshena sana'a. Kuma har yau ba wanda ya gaya masa an daina yin lemon kwalbarsa, Walƙiya, tun watan Fabrairu.

Laraba, 12 ga Mayu

Bari in rubuta, tunda ba mai rubutawa. Baba ne ya haɗa Walƙiya a 1979, watan da soja suka miƙa mulki wancan karon. Lemon tsami, citta, ruwan goro, a buga masa gas a koriyar kwalba. 'Yan dako da direbobin manyan motoci su suka ɗaukaka shi. Mutum ya sha ɗaya, gajiya ta gudu, ido ya bushe. "Sha ka miƙe," haka ake tallarsa. Ni da wankin kwalabe na shiga kamfanin. Wata rana na kurɓi wani haɗi na ce tsami ya yi yawa, Baba ya ji ni, maimakon mari sai ya mai da ni mai ɗanɗano. Shekara goma sha tara ba tukunyar da ta shiga kwalba ban sa mata baki ba.

Sai sababbin masu kamfani suka zo, suka ce matse lemo da jiƙa goro ɓata lokaci ne, ga hoda a buhu ana yin lemo iri biyar da ita. Su suka kashe lemon Baba, suka ce shi ya mutu. Suka sallame ni da kyautar agogon bango. Allah ya isa.

Juma'a, 14 ga Mayu

Na taka Ƙofar Wambai kaf, shago shago. Tanko mai firji har da yi min dariya: "Walƙiya? Ka ɗan jira damina, za ka gan ta a sama kyauta." Da ba don daga masallaci na fito ba, da ya ji abin da bai so ba.

Litinin, 17 ga Mayu

Na samu kwalba ɗaya a wani tebur a Ƙofar Dawanau. Na rungumo ta har Yakasai kamar jaririya. Hassana ta tsiyaya a kofi ta kai masa baki. Ya shinshina, ya kau da kai, ya ce, "Lemo." Da na fito soro na kurɓi sauran. Rana ta dafa shi, gas ya fice. Baba bai yi ƙarya ba, wannan ba lemonsa ba ne. Ko a kwance hancinsa ya fi nawa.

Alhamis, 20 ga Mayu

Na koma haɗawa da kaina a gida, da turmi da rariya da ruwan soda. Kayan duk na san su, ma'aunin ne ya tsaya a ƙwaƙwalwar Baba, bai taɓa rubuta shi ba. Hassana ta ce, "Ka bar dakan nan ka zo ka zauna wajensa, ƙofa yake bi da ido." In zauna gaban surukina in yi ta kallonsa, hannu rabbana? Ba zan iya ba. In na samu daidai zan shiga.

Lahadi, 23 ga Mayu

Haɗi na biyar. Ya ƙi. Harshena ya mutu, shi ke nan.

Laraba, 26 ga Mayu

Mamman, wanda ke jan motar rabo a da, ya ce zai bincika ƙauyukan da yake kai wa kaya, ko wani ya manta da kiret a ɗaki. Ban sa rai ba. Baba ya rame, zobensa yau ya zame ya faɗi da kansa. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Asabar, 29 ga Mayu

Ana bikin duniya ake na kiyama. Kowane zaure rediyo, ana rantsar da farar hula, mutane na ta barka da arziki. Ni na nufi Yakasai da haɗi na bakwai a jug.

Na tsaya bakin ƙofar ɗakin. Ashe Hassana yunwa ta ci ƙarfinta, ta sayi lemon zaƙi guda biyu wajen mai kura a bakin layi, ferarru, ta zauna gefen tabarmar Baba za ta sha. Sai ya miƙo hannunsa mai lafiya ya damƙe wuyan hannunta. "Lemo." Ta kalle shi, ta kalle ni. Ta kai masa baki. Ya tsotse shi tas, har ruwan yana bin gemunsa. Ya shanye na biyun. Bayan nan ya karɓi kunu cokali shida.

Lemon itace yake nema. Lemon nan da ake zubewa a kowane lungu. Mutumin da ya kasa magana ya faɗi abin da yake so ƙarara, mu masu baki muka kasa ji. Mun ɗauka ba shi da komai a duniya sai kwalbar nan. Ni na fi kowa laifi, ni na yi kwana goma sha tara ina yawo a gari. Jug ɗin na zubar a kwata.

Litinin, 31 ga Mayu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika bayan azahar. Jikin ya riga ya tafi, kunun bai tarar da komai ba. Kwana biyun nan dai ina gefensa, ni nake fere masa. Kunyar da na yi ta ji, ban ma san inda ta shiga ba. Kwana biyu kacal na samu.

Lahadi, 6 ga Yuni

Sadakar bakwai. Muna zaune a ƙofar gida sai ga Mamman da kiret cike a bayan babur, yana haki, daga wani ƙauye. Haɗin Fabrairu ne, na ƙarshe, wanda na ɗanɗana da bakina, an ajiye shi a inuwa bai yi komai ba. Ihu bayan hari. Ya raɗa min, "Ɓoye shi, Ɗalha, babu wani a duniya." Na ce a buɗe wa masu gaisuwa.

Suka sha, tsofaffi na cewa kai, ka tuna, ka tuna. Aka miƙo min ɗaya. Tsami daidai, citta daidai, goro daidai, ba abin da zan gyara. Na shanye na mai da kwalbar cikin kiret.

Ba zan faɗa wa Mamman ba, ya sha wahala. Amma lemon kwalba ne kawai.