Takardun Sufeto

Asabar, daga shago

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan baƙon da muke jira. Ƙafar ta daina kumburi? Ni nan lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani, ita ma in na zauna ba ta cewa komai.

Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki, domin a waya ba kya barina in kai ƙarshen zance. Halin mahaifiyarki kika ɗauko, Allah Ya jiƙanta.

Na ga biza ta fito, na gode da wahalar da kuka sha. Sun ba ni kwana sittin in shigo ƙasarku, in na wuce haka sai a sake sabon nema, kuma kin ce haihuwar ma wajen lokacin za ta faɗo. To, amma akwai maganar Sufeto. Kin san ni da kyanwar nan ba ma ga maciji. Shekara shida tana hawa teburina tana shinshina kowane agogo kamar an aiko ta bincike, shi ya sa mahaifiyarki ta laƙa mata sunan. Ƙananan kusoshin da ta watsar min a ƙasa, da an tara su da sun ƙera agogon bango. Duk da haka ba zan rufe gida in bar ta ba. Kin ce in ba maƙwabci. Maƙwabci yana da kare, kuma na ga irin kallon da karen nan yake mata.

Saboda haka jiya na rufe shago na tafi asibitin dabbobi in ji yadda ake fita da kyanwa waje. Uwata, ashe duniya da faɗi! Ɗaki ne mai warin magani, da dogon benci, da sikeli a ƙasa, da hoton ƙasusuwan kare a bango. Likitar yarinya ce sa'arki, sabuwar zuwa ce, kuma agogon hannunta yana baya da minti huɗu. Ban faɗa mata ba tukuna.

Ta zaunar da ni ta jero min sharuɗɗan ƙasarku. Da farko za a sa wa kyanwa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya, girmanta bai fi ƙwayar shinkafa ba, tana ɗauke da lamba goma sha biyar. Bayan nan sai allurar rigakafin ciwon haukan kare. Na ce mata ai kyanwa ce, ta ce cutar ba ta duba wannan. Kuma dole na'urar ta riga allurar, in aka juya, to allurar ta tashi a banza, domin babu shaidar wace kyanwa aka yi wa. Sai a jira kwana talatin, a ɗebi jini a aika ɗakin gwaji. In jinin ya nuna rigakafin ya kama, sai a ƙara jiran wata uku cur. Daga ƙarshe, ana saura kwana goma tafiya, likitan gwamnati ya duba ta ya buga hatimi. Ni da nake mutum, hotona kawai aka ɗauka da zanen yatsu.

Abin da ya fi ɗaure min kai na'urar ce. Ba ta da batir, ba a murɗa ta kamar agogo, amma wai tana aiki har dabba ta mutu. Shekara arba'in ina buɗe agogo ban ga irin wannan ba. Na yi tambaya har mutumin da ke bayana da akuya ya fara gyaran murya.

Kin dai iya lissafi. Wata ɗaya da wata uku, huɗu ke nan, biza kuwa wata biyu. Ba laifina ba ne, doka ce, kuma doka ta fi ƙarfina. Sai mu yi haƙuri zuwa wani lokaci. Duk da haka ranar Laraba zan kai ta a fara, kada ki ce ban yi komai ba.

Ki gaida maigidanki, ki rage tsayuwa a wurin aiki.

Naki,
Babanki


Laraba da yamma

Uwata,

Gaisuwa da fatan kin wuni lafiya. Ya nauyin jiki? Na ga saƙonki, na kuma ga inda kika ce wasiƙata ta yi kama da ta mutumin da faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ban san me kike nufi ba. Ki bar wannan, ki ji abin mamaki.

Da safe na nemi abin da zan ɗauki Sufeto a ciki, sai na tuna da kwandon nan mai murfi na mahaifiyarki da ke saman kabad. Na yi shirin kokawa, har na sa riga mai dogon hannu saboda farce. Ina sauke kwandon sai ta zo ta shiga da kanta, ta juya sau ɗaya ta kwanta, tana kallona kamar ni ne na makara. A hanya ko kuka ba ta yi ba. A asibiti ma ta hau sikeli ba gardama.

Likita ta fito da allurar da ake sa na'urar da ita, mai kauri, sai da na kau da kai. Amma ta ce ƙa'idarsu kafin a sa sabuwa sai an duba ko akwai tsohuwa. Ta ɗauko wani abu kamar madubin hannu ta shafa a wuyan Sufeto. Sai abin ya yi ƙara, lambobi goma sha biyar suka fito ɓaro-ɓaro.

Likita ta kalle ni, na kalli kyanwa, kyanwa tana lasar hannunta.

Ta tambaye ni ko na tabbata tawa ce. Na ce 'yar mitsitsiya matata ta tsinto ta a bakin kwata, a tafin hannu ta kawo ta gida, wa zai sa wa irin wannan lamba? Ta ce ba za ta yi mata komai ba sai ta gano mai lambar, domin in da wani mai ita a rubuce, ba ni da ikon fita da ita ko nan da kan iyaka. Tsohon likitan wurin ya yi ritaya, takardunsa suna cikin wani kabad na ƙarfe ba a tsara su ba. Ta yi alkawarin bi ɗaya bayan ɗaya ta kira ni.

Ban tashi ba sai da ta yi min bayanin yadda abin yake aiki. Wai madubin ne ke aika wa na'urar ɗan ƙarfi, sai ta farka ta faɗi lambarta ta koma barci. Ashe shi ya sa ba ta buƙatar batir, sai an tambaye ta take magana. Na ce ina ma mutane haka suke. Ta yi dariya, ni kuma na sami damar faɗa mata zancen minti huɗun nan. Na karɓo agogon, gobe zan mayar mata.

Da muka dawo na sa gilashin aikina a ido, na ɗora Sufeto a cinya ina laluben wuyanta. Na ji abin, ɗan tauri tsakanin kafaɗu. Wannan ne karo na farko da na ɗauke ta da niyya, kuma ba ta gudu ba. Tun ɗazu nake juya maganar. Wa ya sa? Yaushe? Ko tana da wani gida da take zuwa da rana, irin na masu hali? Ko kina da masaniya kika yi min shiru? Kwandon nan ma ya tsaya min a rai, domin kyanwa ba ta shiga abin da ba ta sani ba.

In kin san wani abu ki faɗa min, kin san tambaya ba ta barina in ci abinci.

Allah Ya raba lafiya. Ki gaida maigida.

Babanki


Alhamis, bayan la'asar

Uwata,

Ina gaishe ki, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe min kwana uku da na yi ban ɗaga wayarki ba. Lafiyata ƙalau, kunya ce ta hana ni. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Ranar Litinin likita ta kira ni, na je. Ta sami fayil ɗin. An sa na'urar bara, a rana guda aka yi allurar, na'ura kafin allura yadda doka ta ce. Bayan kwana talatin aka ɗebi jini, sakamako ya dawo da kyau, ga hatimin ɗakin gwaji. Wata ukun jira sun wuce tun tuni. Ƙasar da za a kai ta, taku ce a rubuce. A gurbin sunan mai dabba kuwa sunana ne, da rubutun mahaifiyarki, irin nata mai karkata kamar iska na kaɗa shi.

Likita ta ba ni kwafin fayil ɗin gaba da baya, na zo gida na buɗe jakar takardun asibitin mahaifiyarki don in gwada kwanakin. Bara, wata ranar Talata, likitanta ya ba ta sakamakon ciwon da kika sani. Ranar Alhamis ta wancan makon ta kai Sufeto aka sa mata lamba. Ni kuwa ba ta faɗa min tana da ciwo ba sai bayan mako bakwai, lokacin da sakamakon jinin kyanwa ya dawo. Na tuna ranakun da take fita da kwandon nan ta ce za ta kasuwa. Ina zaune da gilashi a ido ɗaya, kaina a cikin agogon wani, ko sau ɗaya ban ɗaga kai na tambayi me ke ciki ba. Ni da ba na barin kowa ya huta da tambaya.

Yanzu ga abin kunyar. Likita ta ce allurar shekara guda take yi, kuma wa'adinta yau Alhamis yake cika. In an sake ta kafin ya cika, gwajin jinin yana nan daram, za mu iya tafiya cikin mako biyu. In ya wuce ko da kwana ɗaya ne, sai a koma farko, wata huɗu. Ta ce za ta yi mata nan take in na kawo ta. Na ce zan kawo ta gobe.

Ban kai ta Talata ba. Ban kai ta Laraba ba. Gaskiyarki, Uwata, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ba don kyanwa nake jan ƙafa ba. Tsoro nake ji in rufe ƙofar ɗakin da kujerar mahaifiyarki take, in je inda ba wanda ya san ta, ba wanda zai ce min ya tuna dariyarta. Na lissafa cewa in na yi shiru kwana uku kawai, doka za ta yi min ƙaryar da ba zan iya yi da bakina ba, kuma ke ba za ki taɓa sani ba.

Yau bayan azahar na ɗauko kwafin fayil ɗin don in ajiye shi inda ba zan gan shi ba, sai na lura da rubutu a bayan shafin ƙarshe. Hannun tsohon likita ne, irin bayanin da suke bar wa junansu. Ya rubuta cewa matar ta ce ba ita za ta dawo da kyanwar ba, maigidanta ne. Zai ce ba ya son dabbar, kada a biye masa. Zai yi tambayoyi da yawa, a yi haƙuri a amsa masa duka. Kuma zai zo a ƙurarren lokaci, don Allah kada a rufe da wuri.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na kuma yi dariya, domin ko a kabari matar nan sai ta yi min tsiya. Da na juyo, Sufeto tana cikin kwando.

Mun isa saura minti ashirin a tashi, a agogon likita da yanzu yake daidai. An yi allurar, an rubuta, an buga hatimi. Ranar Litinin ta sama za mu je wurin likitan gwamnati. Na sayo akwatin tafiyarta, na auna da kaina, tana iya miƙewa tsaye ta juya a ciki yadda kamfanin jirgi ke so. Kwandon kuma a hannuna zan riƙo shi, ba zan sa shi cikin kaya ba.

Ki nema min ɗan tebur kusa da taga, mai baki a gefe saboda kusoshi. Ki tambayar min kuma ko jariri da kyanwa suna zama ɗaki guda, da wata nawa yaro yake fara bin ƙarar agogo da ido. Ina da sauran tambayoyi, amma sai na zo.

Ki sayi tikitin, Uwata, na mutum ɗaya da kyanwa ɗaya. Mahaifiyarki ta gama nata aikin tun bara, sa hannuna kawai ya rage, kuma yau na sa.

Ki gaida maigidanki da kyau. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya sa ina kusa.

Naki har kullum,
Babanki