Jingar Shagunan Kasuwar Gaya

Zuwa ga Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya iyali da zaman Ikko? Inna tana nan Gafasa lafiya, sai ciwon gwiwar nan.

Yaya, labarina ba daɗi. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa ya ba ni ginin shaguna shida a kasuwar Gaya. Ya ce in zaɓa: ko ya sayo kayan aiki ya biya ni ladan hannuna, ko mu yi jinga gaba ɗaya, siminti da kwano duk a wuyana. Kwaɗayin riba ya sa na ɗauki ta biyun. Ba mu rubuta komai ba, a gaban liman aka shafa Fatiha, aka raba goro.

Ko linta ban kai ba siminti ya yi tashin gwauron zabo. Na je neman ƙari, sai Alhaji ya ce, "Malam Audu, da siminti ya karye, za ka maido mini da rarar?" Gaskiya kuwa ya faɗa. Kuma maganar da aka shafa wa Fatiha ba ta tashi.

Don in rufa ginin, na sayar da shanun huɗar da ka bar mini amana. Ka yafe mini.

Ka gaida Yaya Habi da yara. Ka sa ni a addu'a, damina ta ƙarato, bana da hannu zan huɗe gonar Baba.

Ƙaninka,
Audu