Rubutun Yaya Bello ya shigo bayan rasuwarsa

Laraba da dare, cikin Agusta, Gwandu

Yau kwana ashirin da rasuwar Yaya Bello, kuma yau wayata ta kawo mini sabon rubutunsa.

Shi ya saka mini manhajar nan mai tattaro duk abin da aka wallafa a shafukan da nake bi. Ya ce tunda ba na leƙa shafinsa na noman shinkafa, to shafin ya riƙa biyo ni har gida. Tun da mota ta kife da shi a hanyar Kalgo ban sake buɗe manhajar ba.

Ina shago bayan la'asar sai na ga sunansa a kan allon wayar. Na kasa auna wa wata mata gishiri. Ashe tun yana raye ya tsara rubutun ya fita yau. Magana ce kan lokacin zuba taki, har da zolayarsa ta kullum ga manoman Wurogauri masu jinkiri.

Da na koma gida na so in ɓoye wa Inna, amma ta ga idona.

"Mi as same ka, Umaru?"

Na karanta mata. Ba ta yi kuka ba, ta ce in maimaita. Sau uku na karanta.

Ban san ko saura nawa ya tsara ba, wataƙila wannan ne na ƙarshe. Na yi niyyar cire shafin daga manhajar in huta, sai Inna ta ɗaga labulen ɗakina.

"In ya sake magana ka tashe ni, ko barci nike."