Katakon Kantar Littattafaina

Baban yara,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya hannun? Yaya Yaya Babba da hidimar jinyarka? Mu nan lafiya lau, ban da raina da ka ɓata.

Ƙaninka ya kawo saƙonka. Wai in kai katakon maɗacin nan ga wani kafinta ya yi mini kantar littattafan, tunda hannunka ya shanye, kai da aiki har abada. Wa ya faɗa maka? Ina zaune likita ya ce sai a hankali, bai ce har abada ba.

Ka manta kantar da ka yi mini farkon aurenmu? Da ɗanyen katako ka haɗa ta don rawar jiki, ta bushe ta kantare. Har yau littafin da na ajiye sai ya gangara hagu, da ƙamus nake tokare shi. Da bakinka ka ce ta biyu da hannunka za ka yi, kuma ba gaggawa.

Shi kuma ƙanin naka, sarkin taimako, ya baje katakon a rana wai ya bushe da wuri. Kafin in dawo daga aiki guda biyu daga ciki sun tsage. Abin da na faɗa masa ba ya rubutuwa. Na tsaya a kansa ya mayar da su rumfa bisa bulo, da sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa. Na shafe bakunansu da fenti, na danne saman da duwatsu, yadda kake yi.

Ba mai taɓa su. Ka sha magani.

Matarka,
Sarkin Faɗa

Baban yara,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi na ƙaruwa. Ka gaida Yaya Babba.

Takardarka ta iso, ta kuma fi tsohuwar kantata karkacewa. Da na gane da hannunka ka rubuta, sai na shige rumfa na yi kukana, kada yara su gani su raina ni.

Ka ce in duba katakon. Na ɗaga ɗaya, da sauran nauyi. Na kara shi a kumatuna, da sauran sanyi. Bai bushe ba, malam. Ka ci gaba da matsa ƙwallon da likita ya ba ka, ka daina tsaki. Ko yau ka dawo da ƙarfinka, ba zan bari ka sa masa zarto ba.

Taka har kullum,
Sarkin Faɗa