Dawar da Ke Naɗe Ganye

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar?

Kin ce ba ki gane abin da nake yi duk yini a ɗakin gilashi ba. Awo nake yi, Inna. Muna da dawa iri ɗari biyu da goma, kowace tukunya a kan sikelinta. Mun rufe ƙasar da leda don kada ruwa ya fita sai ta ganye. Nauyin da tukunya ta rage a yini, shi ne ruwan da shukar ta sha. Daga nan sai mu duba ƙwayoyin gadonta, mu nemi abin da ya bambanta mai tattali da mai ɓarna.

Cikinsu har da gajeriyar dawarki da na ɗebo a rumbu. Da muka yanke musu ruwa, ita ta fara naɗe ganye, tun rana ba ta take ba. A ƙa'idarmu wadda ta fara yaushi ita ce raguwa. Farfesa, shugabanmu, ya ja mata jan layi, aka tuge ta, aka ƙone ragowar irin tare da sauran da suka faɗi. Kin ga da gaskiyata da na ce ki bar ta ki koma sabon iri.

A gaida Baba.

'Yarki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na yi kuskure, kuma gara ki ji daga bakina. Makon jiya na zauna tattara alƙaluman sikeli, har da na waɗanda aka zubar. Duk ɗakin babu tukunyar da ta riƙe ruwa kamar ta dawarki. Da safe tana sha kamar kowa. Rana na ɗagawa sai ta rage, da yamma ta ci gaba. Kwana goma sha biyu ba ruwa, amma tukunyarta ta fi na maƙwabtanta nauyi da kusan rabin kilo. Ashe ba yaushi take yi ba, rufe ƙofa take yi. A bayan ganye akwai ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu, ita kuma tana tsuke su tun ƙasa na da danshi. Mu da ido muka yanke mata hukunci, ba mu jira sikeli ba.

Me ke gaya mata zafi na tafe? Ƙwayar gado ɗaya ce ko da yawa? Ba ni da amsa, don ko ganye ɗaya ba mu ajiye ba. Na nuna wa Farfesa alƙaluman, ya ce in babu iri, babu magana.

Na san shekara biyu ke nan ba ki shuka ta ba, saboda ni. Don Allah ki sa a share ƙasan rumbu, a duba tsofaffin buhuna, a tambayi maƙwabta. Ko cikin cokali ya ishe ni.

'Yarki mai neman afuwa,
Auta

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Ƙullin irin ya iso tare da wasiƙarki. Da na karanta cewa rumbunki babu ko ƙwara, sai kuma na ga layi na gaba. Ban taɓa zaton Gwaggo na shuka ta a bayan ɗaki ba. Saƙonta ma ya iso daidai yadda ta faɗa, wai ita ba ta karɓar shawarar noma daga wadda ta share wa majina. Na karanta wa abokan aikina, har mai kula da sikeli ya ƙware don dariya.

Ƙwara arba'in da uku na ƙirga. Talatin da ɗaya sun tsiro. Jiya muka yanke wa goma sha biyar daga cikinsu ruwa, yau kafin tsakar rana sun naɗe ganye, duka. Na yanki ganyen kowace na sa a firji da hannuna.

Abu ɗaya ya rage mini. Kin ce a nan bayan ɗakin Gwaggo take zaɓen zangarniyar iri tun ba a girbe ba, tana ɗaura mata tsumma. Me take dubawa? Farfesa ya ce zai zo ya tambaye ta da kansa, da littafin rubutu. Na gargaɗe shi cewa Gwaggo ba ta amsa tambaya sai ta gama faɗa. Ya ce zai zauna ya sha faɗan, ai ya ci a yi masa.

Ki roƙe ta ta bar masa kujera.

'Yarki,
Auta